Shekarar da Makina Ya Faɗi

Duk tambayoyin da ke shafin neman gurbin digiri na biyu na amsa su kamar shan ruwa, sai guda ɗaya da ta tsaya mini a maƙogwaro: “An taɓa yi miki gargaɗin kora saboda faɗuwar maki? Yi bayani.” Wai yi bayani, sai ka ce mai tambayar zai ja kujera ya saurare ni.

An taɓa, ina aji biyu a jami'a. Daga nan ban sake faɗuwa ko gwaji ba, amma wa ya damu? Kowa ya ce mini daga wannan layin masu tantancewa suke fara zubar da mutane, ga shi a ranar nan za a rufe shafin.

Na ɗauki kwamfutata na nufi ofishin Yaya, babbar yayarmu. Sakatariya ce, ta iya gyara magana har mai laifi ya fito fes. Na same ta tana cin abinci tsakanin firinta da tulin fayil-fayil. Ta goge hannu ta karanta abin da na rubuta: “A shekarar na yi jinyar wata 'yar'uwata.”

“Wace 'yar'uwa kuma?” ta ce. “Auta, ƙarya za ki shirga wa mutane? In suka ce ki kawo takardar asibiti fa?”

Raina ya ɓaci. Ita ce 'yar'uwar. Bayan ta haifi tagwayenta kanta ya taɓu. Ba ta barci, ba ta gane jariran, wani lokaci ta ce ba nata ba ne. Mijinta yana aiki a nesa, Inna ga ciwon ƙafa, sai ni. Ni nake mata wanka, ni nake ɓoye wuƙaƙen kicin, ina goye da ɗaya ina jijjiga ɗaya, 'yan ajinmu suna can suna rubuta jarrabawa. Da ta warke, watannin nan suka goge mata tas. Abin da ta sani kawai ta yi zazzaɓi mai zafi, Inna kuma ta sa muka rantse za mu bar ta a haka.

“Yaya, ki bar shi yadda yake mana.”

“Ba zan bari ba. Gaskiya dokin ƙarfe ce. Ki ce ƙuruciya ta ɗebe ki, kin yi wasa da karatu, yanzu kin yi hankali. Suna son mai amsa laifinsa.” Ta tura mini kwamfutar tana dariya. “Lokacin ina fama da jego ko leƙo ni ba ki cika yi ba, Allah kaɗai ya san inda kike yawo.”

Maganar ta zo mini har bakin haƙora. Kalma kaɗan ce, in na faɗa zan samu takardar asibitin, wataƙila in samu gurbin. Na dubi fuskarta, ta yi ƙiba abinta, hankalinta kwance, tana neman murfin kwanonta a ƙarƙashin takardu.

Na goge layina na rubuta nata. Ta leƙo ta kafaɗata tana karantawa.

“Yawwa. Ƙara da cewa kin yi nadama.”

Na ƙara.