Na'ura Mai Tsegumi

Tun da aka fasa tagar maƙwabta aka yashe musu gida, Yaya ya kafa wa Inna sharaɗi: ko a sa mata ƙararrawar ɓarayi, ko ta tattara ta koma wurinsa. Shi kuwa Yaya, idan ya ce shawara ya kawo, to ya riga ya yanke hukunci. Inna ta zaɓi ƙararrawa, don ba abin da take tsoro a duniya kamar a raba ta da ɗakin da ta tsufa a ciki. Da yake aiki ya riƙe Yaya a wani gari, sai ya ɗora wa ƙanwarsa Auta tsayawa a kan aikin.

Mai sa na'urar ya iso da hantsi, mutum mai fara'a da yawan bayani. Ya zagaya ya ƙwanƙwasa kowace taga, ya shafa labule, sannan ya ajiye abubuwa biyu a teburin falo.

"Mama, kin ga wannan farin? Kunne gare shi," in ji shi. "A rufi ake kafa shi. Da ya ji bugu, ya ji fashewar gilashi, sai jiniya ta tashi, saƙo kuma ya tafi wayar ɗanki. Guda ɗaya ya ishi falon nan. Wannan ƙaramin kuwa a jikin gilashin ake manna shi, girgizar tagarsa kawai ya sani. Sai dai kowace taga da nata, ga canjin batir. Ni dai mai kunnen na fi sa wa mutane."

Auta ta riga ta gyaɗa kai. Mene ne abin tsayawa tunani a nan? Sai ta ji Inna ta yi gyaran murya daga kujerarta, hannuwa a cikin mayafi.

"Ɗan nan, wannan mai kunnen, idan kofi ne ya faɗi fa?"

"Yawanci yana bambancewa, Mama. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, a kan tayil irin wannan yakan ruɗe."

"Ya kuma faɗa wa Yayansu."

"Nan take."

"Ashe magulmaci za a kafa mini a ka," Inna ta ce. Suka yi dariya, amma tata ba ta yi nisa ba.

Auta ta shiga kicin ɗebo wa baƙo ruwa. Ta buɗe kabad, ba ta ga kofin gilashi ko ɗaya ba, sai na roba sababbi. Inna da kofin roba! Matar da ta sha ja musu kunne cewa ba a ba baƙo ruwa a roba. Ta leƙa bayan tukunyar gas ta ga tsohon bokiti, cike da fasassun kofuna da tangaran, an rufe da jarida. Yanzu ta gane dalilin da Inna ta daina zuba musu shayi da kanta, kullum sai ta ce, "Zuba mana, Auta, ke ce yarinya." Tausayi ya kama ta, da haushin kanta, wai ita mai zuwa duk mako.

Ta goge ido ta fito da ruwan.

"Malam, masu mannawar za ka sa mana," ta ce. "Kowace taga, har ta banɗaki."

"Ranki ya daɗe, aikin zai ɗauki yini fa."

"Ya ɗauka. Ɓarawo muke tsaro, ta taga kuma zai shigo."

Mutumin ya dubi uwar, ya dubi 'yar, ya ɗauki tsaninsa ya fita ya fara da tagogin baya. Yau dai bayaninsa ya ƙare da wuri.

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Inna, yadda take yi tana ƙarama.

"Kin leƙa bayan gas ko?" Inna ta tambaya, idonta a kan labule.

"Na leƙa."

"Dama tun kina rarrafe ba ki barin abu a inda aka ajiye shi." Muryarta ta yi ƙasa. "Za ki faɗa masa?"

"A'a. Ke za ki faɗa masa da bakinki, ina zaune a gefenki. Amma gobe zan kai ki wurin likita, wannan kam babu roƙo."

"Idan ya ji, ɗauke ni zai yi, Auta."

"Sai dai ya ɗauke mu tare. Ɗakina na nan ai, ko kin ba da haya? Yau zan kawo kayana."

Can sai Inna ta zaro hannunta na dama daga mayafi, ta ɗora a kan gwiwarta, a fili. Yana ta rawa, ba ta ɓoye ba. Auta ta kama shi da hannu biyu. Bai daina rawa ba, ita ma ba ta saki ba.