Kowa Ya Aika Nasa

Shekarar da Yaya ta zo ƙasar nan aikin jinya, kuɗin ƙasar na da ƙarfinsa. Idan ta aika rabin albashinta gida, yakan ishi Inna abinci da magani, har ta yi wa dangi alheri. Tun daga lokacin ko tukunya ba a saye a gidan sai an bugo waya an ji ta bakin Yaya. Ita kuwa, maganar gaskiya, tana son abin. Takan yi wa abokan aikinta ƙorafi wai 'yan gida ba sa barinta ta sha ruwa, amma duk wanda ya dubi fuskarta lokacin da take faɗa ya san ba hutu take nema ba.

Ita ta kawo ƙanwarta Auta. Ta biya kuɗin jirgi, ta sha zirga-zirga a kan takardun zama, ta kwashe tarkacenta daga ƙaramin ɗaki ta sa mata katifa. Auta ta daɗe tana neman aiki, Yaya na ba ta kuɗin mota har da na katin waya. Daga baya ta samu wani kamfani na wata ƙasa can daban, tana yi musu zanen talla a kwamfuta daga ɗakinta, suna biyanta da kuɗin ƙasarsu. Albashin bai taka kara ya karya ba. Yaya har tsokanarta take yi, wai aikin da ake yi da rigar barci ai ba aiki ba ne.

Aiken gida kuwa ta hannun wani mai canji suke yi, wanda ake kira Mai Gilashi, a wani lungu bayan shagon gyaran waya. Ka ba shi kuɗin nan, ƙanensa da ke can gida ya kai wa mutanenka kuɗin gida har ƙofa, ɗaure da roba. Da yake yana cire ladansa a kan kowane aike, sai suka saba haɗawa. Ƙarshen wata Auta ta miƙo ɗan abin da ya samu, Yaya ta ɗora a kan nata ta kai da sunanta. Inna ba ta taɓa tambayar nawa ne na wa ba. Abin da ta sani kawai, aiken Yaya ya iso.

Sai kuɗin ƙasar ya fara zamewa. Da farko an ce na kwana biyu ne. Kwana biyu suka zama watanni, lambobin da ke allon Mai Gilashi suna ta canjawa, kullum ta inda ba a so. Albashin Yaya na nan yadda yake a takarda, ko kwabo bai ragu ba, amma da zarar ya tsallaka gida sai ya koma kamar rigar da ta sha wanki da ruwan zafi.

A ɗakin shan shayi na asibiti, ma'aikata baƙi ba su da hira sai wannan. Kowa ya ajiye kofi ya zaro waya yana duba canjin yau, kamar dubawar ce za ta ɗaga shi. Wata ta mayar da 'ya'yanta gida wajen kakarsu. Wasu biyu da ba sa ga maciji sun tare a ɗaki ɗaya don raba haya. Wani mai ɗaukar hoton ƙashi ya ce shi ya daina aikawa, yana jira kuɗin ya farfaɗo. Yaya ta gwada shawararsa ta jira mako guda, kuɗin ya ƙara nutsewa, ta yi kwana da kwanaki ba ta amsa masa gaisuwa.

Ita ma ta ɗaure ciki. Ta bar zuwa babban kanti ta koma kasuwar bayan tasha, da yamma, lokacin da masu kayan miya ke neman rabuwa da abin da ya rage. Nama ya koma na ranar hutu, daga baya ranar hutun ma ƙwai ne. Ta daina hawa mota biyu zuwa aiki, tana hawa ɗaya ta ƙarasa da ƙafa. Na'urar ɗuma ruwan wanka ta koma sai minti kaɗan ake kunnawa. Sabulun da ta saba da shi daga waje ake kawo shi, ya yi tsadar da ta koma na ƙasar nan mai ƙaiƙayi, tana cewa dama ya fi wanke datti.

Duk wannan da sauƙi, da a ce su biyun abin ya shafa. Amma faɗuwar da ta karya Yaya ita ce ta ɗaga Auta. Albashinta bai ƙaru ba ita ma, sai dai duk wata idan ta canja shi sai ya ba ta abin da bai ba ta ba wancan watan. Yarinyar na zaune a ɗaki da rigar barcinta, arziki na bin ta har kan katifa.

Masu kawo saƙo suka koyi ƙofar gidan. Yau kujera mai taya, gobe fitilar tebur, jibi takalmi. Firij ɗin ma ya rabu biyu ba tare da kowa ya raba shi ba: sama madara da 'ya'yan itace da kaza, ƙasa rabin kabeji da ƙwai. Kuma Auta ba marowaciya ba ce, wannan shi ne abin haushin. Kullum tana cewa Yaya ta ci mana, ai nasu ne duka. Yaya ta ce ita ba ta son zaƙi, matar da a da ke shan shayi da sukari cokali uku.

Ƙyashi ne, ba wani abu ba, kuma ta san ƙyashi ne. Takan dawo daga aiki ƙafafu a kumbure, ta tarar da Auta na juyi a kujerar nan tana dariya da mutanen cikin kwamfuta, sai abin ya taso mata. Ta yi istigfari, ta gaya wa kanta jininta ce, ita ta goya ta, ita ta yi mata addu'ar samun aikin nan. Abin ya lafa, sai a ƙwanƙwasa ƙofa da wani kwalin.

Ƙarshen wani wata, Yaya na zaune tana lallaɓa takalmin aikinta da gam, Auta ta fito ta ajiye kuɗi a tebur. Ko ba a ƙirga ba ido ya san ya ninka na Yaya ba sau ɗaya ba.

"Yaya, ki bar naki wannan watan," in ji Auta. "Wannan ma ya ishi Inna. Ki sayi takalmi, don Allah."

Da zagi ta yi mata da ya fi sauƙi. Yaya ta rufe gam ɗin a hankali, ta ture kuɗin da bayan hannu, ta ce ita ba ta gaza ba tukuna, kuma daga yau kowa ya aika nasa. Auta ta ce ai Mai Gilashi zai ci lada biyu ke nan a banza. Yaya ta ce ya ci goma.

Daga nan ta shiga neman abin da za ta fitar da kanta kunya. Ta karɓi aikin ranakun hutun wasu, ta yi mako biyu ba ta zauna a gida ba. Ta sayar da keken ɗinkin da ta zo da shi, ga wata maƙwabciya da ta taya shi kamar tana yi mata alfarma. Ta roƙi mai gida ya ɗaga mata ƙafa a kan haya. Da ta haɗa komai, ta ga tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa riƙe kuɗi mai kauri haka don aikawa ba, har ta ji kafaɗunta sun ɗan miƙe a hanyar zuwa lungun.

Mai Gilashi ya ƙirga, ya danna kalkuleta, ya juyo mata da fuskarta. Ta duba, ta ce ya sake. Ya sake, abin bai canja ba. Ya ce ta yi haƙuri, da jiya ta zo da ya ɗan fi haka. Sannan ya ce ai ƙanwarta ta zo da safe, kuma da yake ba ta da suna a wajensa sai ya rubuta a sunan Yaya kamar kullum. Bakinta ya yi ta ƙaiƙayin tambayar nawa Auta ta kawo, har ta zagaya ta ce Allah ya sa yarinyar ba ta takura kanta ba. Ya gyara gilashinsa ya ce bai ga alamar takura ba.

Ta ce masa kada a haɗa, a kai daban-daban. Ya ce an gama. Ya tura wa ƙanensa saƙo cewa ɗauri biyu ne, gidan da aka saba. Ba wanda ya tuna ya ce wane ɗauri ne na wa, domin shekara da shekaru ba a taɓa bukatar faɗa ba.

Bayan kwana biyu Inna ta bugo da rana. Yaya na kicin tana yanka albasa, sai ta buɗe muryar wayar ta jingina ta da gwangwanin sukari. Inna ta daɗe tana sa albarka. Ta ce babban ɗaurin ya ba ta mamaki a wannan marra, ta sayi maganin watanni, ta cika buhu, ta biya na wuta. Ta ce ita dai ta haifi 'ya, ko maza goma aka ba ta ba za ta musanya ba. Yaya ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta gane kuskuren tun kalmar farko, kuma ba ta gyara ba, don albarkar na da daɗi a kunne ko da ba tata ba ce.

Sai Inna ta rage murya.

"Amma yarinyar nan, ki ce mata ta daina wahalar da kanta. Na ga nata ɗaurin, tausayinta ya kama ni. Ko maganin hawan jinina bai kai ba. Na zuba shi a gwangwani ana sayen gishiri da ashana. Kada ki ce na faɗa, ke dai ki riƙa taimaka mata."

Keken ɗinki da mako biyu na tsayuwa da haya, duka suna cikin gwangwanin ashana. Yaya ta ɗaga kai, sai ga Auta a bakin ƙofar kicin da kofi a hannu. Ta ji komai. Suka haɗa ido, Auta ta matso ta sunkuya kan wayar tana dariya.

"Inna, ina jin ki fa. To na ji, zan ƙara ƙoƙari. Ai kin san ba a haɗa ni da Yaya."

Ta dafa kafaɗar Yaya ta ɗan matsa, alamar a bar shi a haka.

A nan ne ƙyashin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ba kujerar ba ce, ba kazar firij ba ce. Yarinyar nan ta samu har ta kai tana kyauta da albarkar uwa, ta miƙa ta kamar yadda take miƙa madara, ko a jikinta. Kuma idan Yaya ta karɓa yau, wata mai zuwa ma za ta karɓa, ta zama mai cin suna a aljihun ƙanwarta. Ta zame kafaɗarta daga hannun Auta.

"Inna, ƙaramin nawa ne. Babban na Auta ne."

Yaya ta yi bayanin canji a gajarce, yadda kuɗin nan ya faɗi, yadda na kamfanin su Auta bai faɗi ba.

Inna ta ce ashe haka abin ya zama, ita ba ta sani ba. Ta ce Yaya ta yafe mata maganar gwangwani, bakin tsufa ne. Ta ce Yaya ta yi shekaru tana ɗauke da su, Allah ya gani, yanzu ta riƙe abinta ta kula da kanta, kada ta sake aiko komai sai abubuwa sun daidaita. Duk maganar cikin tausayi ta yi ta, irin muryar da ta yi amfani da ita ɗazu a kan Auta.

Sannan ta ɗan yi gyaran murya.

"Auta na kusa ko? Ba ta wayar. Dama likita ya ce sai an yi mini aiki a ido, ina ta tunanin ta inda zan fara faɗa."

Auta ta dubi Yaya kamar mai neman izini. Yaya ta nuna mata wayar da tsinin wuƙa. Auta ta ɗauka, ta rufe muryar, ta kara a kunne ta fita falo.

Yaya ta san duk abin da ya kamata a tambaya: wane ido ne, yanar ido ce ko wani abu daban, an auna sukarinta, wa zai kwana da ita bayan aikin. Tambayoyin suka jeru a bakinta, ta kasa kunne ko za a kira ta. Daga falo ta jiyo Auta ta yi tambaya ɗaya tak.

"Nawa suka ce, Inna?"

Da Auta ta ji amsar, sai ta ce ba komai, gobe za ta tura.