Kayan da Ta Kai Shagon Mai Guga

A masana'anta naftalin suke ce masa, a unguwa kuwa kafur. Farin gari ne da ake tacewa daga kwalta. Wani kason yana tafiya wajen masu rini da masu roba, sauran kuma wani magidanci ne ke dunƙule shi a inji ya zama ƙwallayen korar asu. Abin ba ya narkewa a ɗaki, sai dai ya ƙare a iska, ya kama gashi da riga. Shi ya sa har sunan ya bi shi: Mai Kafur.

Al'adar ma'aikatan ce, ƙwallayen da suka fashe a kai gida. Tun suna ango da amarya yake cusa su a akwatin matarsa, yadda wasu ke kawo turare.

Ranar nan ya tarar da su a kwandon shara, akwatin kuma wayam. Da ya leƙa taga, ga ta can a shagon mai guga, wannan dogon mai ƙamshin sabulu, tana miƙa masa ƙunshin kaya suna dariya. Kwana biyun nan dama in ya matso sai ta kau da kai.

Ya tsallaka titi ko takalmi babu.

"Sannu da hira! Kayan naki ma sun yi ƙaura, saura ke?"

"Maigida, rage murya."

"Warina ne ya ishe ki, ko? Shi da yake ƙamshi..."

"Yallaɓai, ni da gawayi nake kwana," in ji mai guga. "Wane ƙamshi?"

Mijin ya fizge ƙunshin, ya kwance. Zannuwanta ne, a ƙarƙashinsu kuma wasu riguna da ba su fi tafin hannunsa ba, da 'yar hula.

Ta rufe hanci da mayafi, idonta ya ciko. "Nas ta ce kafur na iya lalata jinin jariri, ya sa masa ciwon shawara. Ta ce a wanke komai, a ajiye inda babu shi. Ni ma da na shaƙa sai amai. Ta yaya zan ce maka kai ne ke tayar min da zuciya?"

Ya daɗe yana juya 'yar hular, sai kuma ya yi sauri ya ajiye, ya ja da baya yana goge hannu a wando.

"Daga gobe a wurin aiki zan yi wanka, kayan aikin ma can za su kwana." Ya juya ya harari mai guga. "Amma wai wannan ya riga ni sani?"

"Rigunan ne suka gaya min, yallaɓai."

"To, ninke su. Kuma kada ka kuskura ka riga ni yi mata barka."