Gasar Ciwo

"Baba, tafiya fa? Kana zuwa masallaci ka dawo ba ka tsaya hutawa a hanya ba?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Alhamdu lillahi."

Bilki tana zaune a kan tabarma a inuwar dogonyaro, ba nisa da bencin da ake yi wa Labbo tambayoyin, ta ji amsar da kunnenta. Ta juya ta dube shi. Ita ce ta kawo shi wannan ƙaramin asibiti na garin Isa a cikin amalanken maƙwabta, kuma daga bakin ƙofa zuwa bencin nan sai da ya dafa bango ya tsaya yana haki kamar wanda ya yi tsere da doki. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai silifa ya ja.

Mai tambayar, Radiyya, ma'aikaciyar lafiya ce da ta zo cikin tawagar da aka turo daga Sakkwato. Tun da safe take nan da babbar waya a hannu, tana yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Ta yi wa masu ciwon suga da masu hawan jini, ta yi wa matan da ba su daɗe da haihuwa ba, da mutanen da suka baro ƙauyukansu saboda rashin zaman lafiya, har da 'yan tireda masu kai kaya Nijar waɗanda ba abin da ke damunsu. An ce so ake a gwada a gani, cikin waɗannan mutane su wa rayuwa ta fi matsewa. Wanda amsarsa ta nuna yana cikin wuya sai a ba shi jan kati ya ga likita yau. Saura kuma kore ake ba su, su jira zuwan tawagar na gaba, bayan kaka. Likitan ɗaya ne, kuma dole motarsu ta kama hanyar Sabon Birni kafin la'asar, don ba mai son wannan hanya idan rana ta karkata.

Jan kati guda ya rage a kan teburin da ke gaban Radiyya, an danne shi da dutse kada iska ta ɗauke.

"Wanka fa, Baba, da sa tufafi? Kai kake yi da kanka?"

"Wa za shi yi mini? Lahiya lau."

"Ciwo fa? Akwai inda ke maka ciwo?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba. Wanda ya kwana ya tashi mi za shi ce?"

Radiyya ta juya masa wayar. Hoton tsani ne a jiki. Ta ce masa can sama shi ne mutum yana jin daɗin jikinsa da ransa yadda ya kamata, can ƙasa kuma shi ne mafi munin halin da mutum zai iya shiga, ya nuna inda yake a yau. Labbo bai ko yi jinkiri ba, ya ɗora yatsa a matakin sama.

Bilki ta ce daga inda take, "Ke yarinya, kar ki sa wanga. Mutumin nan rabonshi da kwanciya tun kahin damina. A zaune shike barci."

Radiyya ta ce, "Inna, na gani da idona. Amma ba zan iya sa maganarki a wurinsa ba."

"Don mi? Ni ƙarya za ni yi miki?"

"Ba haka ba ne. Jini da numfashi akwai na'urar auna su. Yadda mutum ke jin rayuwarsa kuwa, shi kaɗai ya sani. In na sa bakin wani, to ba shi na auna ba. Haka dokar aikin take ga kowa." Ta sake juyawa ga tsohon, ta sassauta murya. "Baba, faɗin abin da ke damunka ba butulci ba ne ga Allah. Magani ake nema maka."

Labbo ya gyara zaman hularsa. "Na ji, ɗiyata. Amma namiji ba shi kai ƙarar jikinshi gaban ɗiyar cikinshi. Na gode Allah, ki sa hakanan."

Radiyya ta dubi wayar. Ba shi ne na farko ba yau. Tsofaffin da suka fi kowa jin jiki su suka fi kowa hawa saman tsanin, ta lallashi wasu sun sauko, wasu sun ƙi. A layin maza akwai sauran mutane suna jira, direban motar kuma ya fara zagaya ta yana duba tayoyi.

Bilki ta san Labbo tun suna gudu ba takalmi a Kamarawa. Ɗan kawunta ne, ita kuma 'yar gwaggonsa, wato taubasai, masu wasan da ba a fushi a cikinsa. Abin da matarsa Kadijatu ba za ta iya faɗa masa ba saboda nauyi, Bilki tana iya faɗa masa a tsakiyar kasuwa. Shi ya sa jiya da hantsi Kadijatu ta same ta a gida, ta roƙe ta ta kai shi, ta ce in ba a duba shi yanzu ba ba ta ga alamar zai kai kaka ba. Bilki kuwa ta amsa mata da cewa ta kwantar da hankalinta, Labbo zai ga likita ko da a kai za ta ɗauke shi.

To ga shi an zo, bakinsa na neman ya hana shi. Lallashi ba ya kama Labbo, wannan ta sani. Abin da kuma ta sani shi ne, tun da Allah ya yi shi bai taɓa yarda ta fi shi a komai ba. In ta ce geronta ya yi tsawo, nasa ya rufe raƙumi. In ta ce ta sha rana a hanyar Turba, shi ya taka har Maraɗi da buhu a ka.

Sai ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ta ɗaga murya yadda har layin maza za su ji.

"Kin san mi, ɗiyata? Ba shi koren nan mu tahi. Gaskiya ya hwaɗi, ni ce na yi kuskure. Wanga mi ya sani na ciwo? Tun muna ƙanana ƙayar aduwa ka sa shi kuka. Lalaci ne kawai, Kadijatu ta sangarta shi da hura."

Matan da ke kan tabarma suka fara dariya a cikin mayafi. Labbo ya juyo a hankali.

"Wa ke lalaci?"

"Kai mana. Ka samu bango ka jingina, ka bar mata da aiki. Ciwo ai sai mu. Ni da kake gani, gwiwoyin nan in na durƙusa wajen murhu sai na kama turmi kahin in tashi."

"Gwiwa," in ji Labbo, ya yi tsaki. "Gwiwa ita ce ciwo? Tsohuwa duka tana da gwiwa. Ni in na duƙa ɗaura wando sai na ga duhu."

"Yunwa ce, ka ci abinci."

"Ina cikin da za shi ci? Loma kaɗan sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji."

Radiyya ta ɗago kai ta dubi Bilki. Bilki ba ta dube ta ba, idonta na kan taubashinta.

"Dutsen niƙa. Ji shi da baki. Ni barci ma ban san shi ba tun da muka baro Kamarawa. Kare ya yi haushi, na tashi. Babur ya wuce, na tashi."

"Ke kin samu wurin kwanciya ke nan har kike tashi. Ni in na sa bayana ƙasa sai numfashi shi ɗauke, kamar an danna ni cikin gulbi. A jingine nike wayewa gari. Tabarmata ta manta da ni."

"To sallah fa? Ni a zaune nike yin ta yanzu."

"Kin daɗe. Ni masallacin da ke bayan gidana rabona da shi tun azumi. Liman har aike ya yi a ji ko na yi tahiya."

Dariyar matan ta ragu. Wani dattijo a layin maza ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Bilki ba ta san da maganar masallacin ba, ko Kadijatu ba ta gaya mata ba. Amma ta san in ta sassauta yanzu zai koma cikin ɓawonsa kamar kunkuru. Sai ta jefa wadda ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Duk wanga wasa ne. Ni ƙahwahuna ba su jin ƙasa. Shekaranjiya garwashi na taka wajen dahuwar daddawa, ban sani ba sai da na ji ƙauri."

Labbo ya dubi ƙafafunta. Ya dube ta ɗan lokaci. Amma mutane na kallo, kuma ba a taɓa jin Bilki ta yi magana ta ƙarshe a kansa ba.

"Ke kina da ƙahwar da ke shiga takalmi. Dubi tawa." Ya janye bakin wandonsa, ya danna yatsa a ƙaurinsa. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse. "Wanka ma Kadijatu ka zuba mini ruwa kamar jinjiri. Ni Labbo, da na ɗauki buhun gero daga nan har bakin iyaka. Ki zo ki gaya mini ciwo."

Ya tsaya yana mayar da numfashi. Radiyya ta bari ya huta, sannan ta matso da kujerarta.

"Baba, ka ce ba ka iya kwanciya, ba ka zuwa masallaci, kuma ana taya ka wanka. Da bakinka ka faɗa. In sa haka?"

"Sa. Ki sa da manyan baƙi, ta gani."

Ta bi tambayoyin daga farko, yana amsawa yana hararar tabarmar mata. Da aka zo kan damuwa ya ɗan yi gardama, sannan ya ce wanda ya bar gonarsa a hannun ciyawa ai ba a tambayarsa damuwa. Daga nan ta sake juya masa hoton tsanin.

"Ita Bilki ina take a nan?" in ji shi.

"Ba a auna ta ba tukuna."

"To duk inda ta tsaya, ki sa ni ƙasa da ita."

"A'a, Baba. Wannan ba na Inna ba ne, naka ne. Ka manta da ita. Inda kake jin kanka yau."

Labbo ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon hoton, har Bilki ta fara tsoron zai koma sama. Yatsansa ya sauko a hankali, ya wuce tsakiya, ya tsaya kusa da ƙasa.

"Nan ne," ya ce, ba da muryar wasa ba.

Radiyya ta danna, ta ɗaga dutsen, ta miƙa masa jan katin. Wani ma'aikaci ya zo ya kama shi ya tashi. Da suka zo daidai tabarmar, Labbo ya tsaya, katin na hannunsa.

"Bilki. Garwashin nan da kika ce."

"Mi ya same shi?"

"Da gaske ne?"

"Kai dai ka ci, ka ɗauki tutarka ka wuce. Kar ka tsaya nan numfashinka shi ƙare a ce ni ce."

"Bakinki za shi kashe ki," in ji shi. Ya ja silifansa, ma'aikacin na riƙe da shi, har suka shiga ɗakin likita labule ya rufe.

Sai a lokacin Bilki ta jawo ƙafafunta. Ta dafa gindin dogonyaron, ta yunƙura, gwiwa ta ƙi, ta sake yunƙurawa ta tashi. Tana gyara mayafi za ta je ta gaya wa mai amalanke ya ƙara haƙuri, Radiyya ta kira ta.

"Inna, zo ki zauna."

"Ni rakiya na zo."

"Na sani. Amma abin da kika lissafa ban ji shi kamar wasa ba."

Bilki ta dubi labulen ɗakin likita, ta dubi teburin da ba sauran jan kati a kansa.

"In nawa ya hi nashi, za a hiddo shi a sa ni?"

"Ba mai fito da shi. Ya riga ya shiga. Ke likita sai zuwanmu na gaba, amma sunanki zai kasance cikin na farko. Ƙafar kuma yanzu za a wanke miki ita a ɗaure."

Bilki ta ɗan tsaya. Sannan ta zo ta zauna a bencin, daidai inda Labbo ya tashi. Ta zare takalmin hagu, ta kwance tsumman da ta naɗe tafin ƙafar da shi, ta ɗora ƙafar a kan gwiwa.

"To tambaye ni," ta ce. "Amma ki yi ƙasa da murya, kar shi ji na hi shi."