Sunan da Malam Waliyyu Ya Rubuta

Shekara biyu da kafa jihar Kebbi, Malam Waliyyu, shugaban wata sakandare a Maiyama, ya sami takarda daga sama cewa ya rage malami ɗaya, don gwamnati ba ta iya ɗaukar nauyinsu duka. Kwana uku tana kan teburinsa. A na huɗu ya rubuta sunan Malam Mamuda, malamin kiɗa da waƙa.

Mamuda mutumin Jega ne, kuma kiɗa da waƙar ya karanta a kwaleji. Tun zuwansa ba a taɓa saya masa ko ganga ɗaya ba. Da kara yake koya wa ɗalibai yin sarewa, tsoffin garewani su ne gangunansu. Waliyyu ya san duk wannan, amma ya ce wa kansa ai ba a jarrabawar kiɗa, iyaye kuma lissafi suke tambaya. Ya kira Mamuda ya yi masa alkawarin da zarar al'amura sun daidaita zai nemo shi. Mamuda ya yi godiya, ya tattara littattafansa ya tafi.

Sau biyu Waliyyu ya fara rubuta takardar roƙon a maido da shi, sau biyun yana ajiyewa, gudun kada a ce ya cika surutu.

Bayan shekara huɗu ya je Aliero sayen albasa, sai ya ga Mamuda zaune yana ɗinke bakin buhuna, ya rame ya yi baƙi. Ya so ya kauce, amma Mamuda ya riga ya taso. Ya gaishe shi da ladabi, ya yi ta tambayar ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya ce ya zaga makarantu har ya gaji, ko'ina sai a ce babu gurbin irin nasa.

"Ranka shi daɗe, har yanzu suna waƙar safe?"

"Suna yi," in ji Waliyyu.

Tun shekarar da Mamuda ya tafi aka daina. Mamuda ya yi murmushi, ya zaɓo masa albasa mai kyau, ya raka shi har bakin mota.

Da damina ta wuce Waliyyu ya gama takardar ya aika, ba a amsa ba. Ya sa a nemo masa Mamuda don ya gaya masa gaskiyar zancen waƙar safe, aka ce ya bi motocin albasa zuwa Kudu da iyalinsa. Har Waliyyu ya yi ritaya ba su sake haɗuwa ba.