Shuɗin Bushiyar Baba

Ranar da aka cire wa Baba bandejin ido kowa a gidan murna yake, har da Auta, kada a ɗauki alhakinta. Sai dai tata murnar da faɗuwar gaba a ƙarƙashinta. Shekara biyu yanar ido ta rufe wa tsohon gani, komai dishi-dishi yake ganinsa, rawaya-rawaya, yanzu likita ya share ta tas. Ga shi nan a tsakiyar falo yana yi wa mutanen gida faɗa, wai ashe haka labule ya koɗe ba wanda ya gaya masa.

Shi da 'yarsa Auta ne ke zana Bushiya Mai Laima, 'yar dabbar nan ta littattafan yara da ke yawo da laima ko ana ruwa ko ana rana. Baba, tsohon malamin zane, shi ke yin jikinta da fentin ruwa. Zai jiƙa takarda mai kauri, ya ɗiga kala, ya bar ruwan ya kai ta inda ya ga dama. In ta bushe Auta ta sa ta a na'urar sikanin, hoton ya shiga kwamfuta, ta ɗauki alƙalaminta ta ƙara ƙayoyi da idanu da ɗan hancin nan mai sheƙi, sannan laimar. Baba bai taɓa shiri da kwamfutar ba. Akwatin ƙarya yake kiranta, amma in littafi ya fito shi ne na farko wajen kai wa maƙwabta su gani.

To, tun da yanar ta yi kauri kalar Baba ta karkace. Da yake rawaya yake gani a ko'ina, sai ya riƙa ƙara shuɗi don ya kashe ta. Bushiyar da aka sani ruwan ƙasa ta fara da ɗan duhu-duhu, daga baya ta koma kamar rigar da aka manta a ruwan bula. Auta ta ga abin tun ranar farko, amma ba ta faɗa masa ba. Baba mutum ne da tun rasuwar Umma ba abin da ke fito da shi daga ɗaki sai kwanon ruwan nan da buroshi. Sai kawai ta riƙa juya kalar a kwamfuta, shuɗi ya koma ruwan ƙasa, ta yi shiru da bakinta. Littafi uku aka yi a haka. Takardun asali kuwa ta jera su a aljihun tebur na ƙasa, ta ɗora tsofaffin jaridu a kai.

Kwana biyar da dawowarsa daga asibiti, da hantsi, ya shigo ɗakin aikin ba tare da dafa bango ba. Ya tsaya yana kallon tebur, da kwalaben fenti, da tsumman goge buroshi da ya yi dauɗa.

"Auta, ɗauko min takarduna in gaisa da mutuniyar. Na daɗe ban ga fuskarta sosai ba."

"Baba, likita fa ya ce kada ka wahalar da idon."

"Likita ya ce kada in sunkuya, shi ya sa na ce ke ki ɗauko."

"Ga littattafan nan a kusa, su ba su isa ba?"

"Na ga littattafan. Hannuna nake son gani."

Ba yadda ta iya. Ta durƙusa ta jawo aljihun, ta kawar da jaridun, ta miƙa masa takardun. Ya karɓa ya matsa kusa da taga, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Bushiya shuɗiya tana barci, bushiya shuɗiya tana tsallaka kwata, wata ma shuɗin ya yi duhu har ya kusa baƙi. Ya ɗauki littafi ya buɗe shafin kwatar, ya haɗa su gefe da gefe. Ya daɗe a haka.

"Wannan ni na yi?"

"Kai ne, Baba."

"Wannan kuma?"

"Shi ma kai ne. Kalar kawai na juya, wallahi ko ɗigo ban taɓa maka ba." Ta yi sauri ta kunna kwamfutar, ta buɗe hoton. "Duba, aikin hawa-hawa yake. Naka yana ƙasa, nawa yana sama. In na kashe nawa, ga naka nan yadda ka yi shi. Bakin ruwan nan da ya bushe a bayanta, da inda kalar ta tsiyaya a cikinta, akwatin nan ba ya iya su. Na gwada, abin dariya ya fito."

Baba bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya zauna a hankali, ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Shekara biyu ina zaune a nan ina cika baki, ina koya miki haɗa kala, ke kuma kina cewa to. Ashe raino na kike yi."

Wannan maganar ta soke ta. Hawayen da take dannewa suka zubo.

"Tsoro na ji, Baba. Na san halinka. Da na faɗa maka, ranar za ka wanke buroshi ka sa a akwati, ka koma ɗaki ka rufe ƙofa. Na riga na rasa Umma, ban shirya zama ni kaɗai a teburin nan ba."

Ya dube ta, kallon da ya daɗe bai iya yi mata ba. Ya ga ramar da ta yi, ya ga har furfura ɗaya ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Tausayinta ya kama shi fiye da kunyar kansa.

"Da na ajiye kuwa," ya ce. "Ba ki yi min ƙarya a nan ba."

Ya mayar da tabaran, ya tattara shuɗayen takardun ya daidaita bakinsu, ya ajiye a saman tebur inda kowa zai gani. Sannan ya jawo sabuwar takarda, ya tsoma buroshi a ruwa ya jiƙa ta. Auta ta tsaya tana share fuska. Ya haɗa kala a ɗan faranti, ya ɗiga, ruwan ya kwashe ta ya baza, bayan bushiya ya fara fitowa.

"Matso nan," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Idon nan sabo ne, ban gama yarda da shi ba. Yaya kika ga wannan? In kika ce min to, korar ki zan yi daga ɗakin nan."

Ta sunkuya ta duba. Tunda take ba ta taɓa kushe aikin mahaifinta ba.

"Ja ya ɗan yi yawa, Baba."

Ya ƙura wa takardar ido, ya karkata kai.

"Ja'ira," ya ce. "Ya yi yawa ɗin kuwa. Miƙo min ruwa."