Kunyar Salma

Inna Zuwera ba ta shuka dankali a ƙasa tsirara. Haka uwarta ta koya mata tun suna Tunuga: a shimfiɗa busasshen ganye har gwiwa, a bi shi da kashin awaki, a rufe da ƙasa, a yi ta ba shi ruwa har ya ruɓe. Bana bayanta ya ƙi tsince-tsince, shi ya sa ta aiki Alfari mai amalanken jaki ya samo mata ganye. Ya kawo lodi biyu na ganyen maina, wato darbejiya, busasshe ƙarau, ko tsinke babu. Har albarka ta sa masa.

Kunya ɗaya ta tayar a garkarta da ke bayan hanyar da manyan motocin kamyo ke bi zuwa gada, doguwa, daga kudu zuwa arewa. Ita ce cefanenta na rani duka. Dankali ya kama, ganyensa ya yi baƙi don ƙoshi. Abu ɗaya ne ya dame ta: akuyarta, wadda ko tsumma ba ta bari, in ta zo gindin kunyar sai ta ja da baya tana huci.

Ranar da tsakiyar kunyar ta lotsa, ta sa hannu za ta gyara, wani abu ya yanke ta. Guntun kwano ne mai tsatsa, da rubutun fenti a jiki. Ita ba ta karatu. Ta ƙulle shi a bakin zane ta kai wa Malam Abdurrahman, mai unguwa, yana zaune a rumfarsa da hantsi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ajiye shi a hankali kan tabarma.

"Salma. Sai ranar rasuwa. Alamar kabari ce, Inna."

Aka kira Alfari. Ya zo yana sosa ƙeya.

"Ɗan nan, ina ka sharo mini ganye?"

"Inna, ganye ai ganye ne. Na gari duk masu awaki sun kwashe. Can ne kawai ya taru."

"Can ina? Buɗe baki ka faɗa, ba tuwo ke ciki ba!"

"Maƙabarta."

"Ko jakinka ya san ba a fitowa da tsinke daga wurin nan! Ka sa na lulluɓe abincina da mayafin matattu. Malam, ni ba haƙuri na zo a ba ni ba. Ya mai da wa baiwar Allah sunanta inda ya tumɓuko shi."

Mai unguwa ya ce hakan ya yi. Suka tafi su uku. Ita ta tsaya daga bakin shinge, tun da mace ba ta shiga, tana hango su suna zagaya tuddai. Ƙasar ta sha shara fes. Kaburbura marasa alama sun fi talatin a ƙarƙashin mainar. Alfari ya nuna wannan, ya nuna wancan, daga baya ya sauke hannu.

"Wallahi da manjagara na ja, Inna. Ban gani ba."

Aka yi cigiya a masallacin Juma'a, aka tambayi masu haƙa kabari. Ba wanda ya tuna wata Salma. Wani ya ce ƙila baƙuwa ce daga ƙetaren kogi da ajali ya tarar a Gaya. Mai unguwa ya ce a yi addu'a a bar zancen, dankalin kuma halal ne, ta ci abinta.

"Kai ka ci," in ji ta. Ta fizge guntun kwanon.

Ta koma garka da la'asar. Dankalin ya ƙosa har ƙasa ta tsage, ana hango jan bayansa. Ta daɗe tsaye da fartanya a hannu, cikinta na kuka. Yanzu ne ta ga tsawon kunyar sosai, da faɗinta, da yadda ta kwanta kudu da arewa, tamkar kabari.

Ta jingine fartanyar. Ta durƙusa da ƙyar, ta kafa kwanon a kan kunyar, ta danna ƙasa a gindinsa da tafin hannu.

"Zauna nan, ɗiyata," ta ce. "Har su gano inda suka ajiye ki. Ba mai taɓa ki."